Kututturen da Tsohuwa Ta Hana a Fasa

A shekarun da muka sami ƴancin kai ne Kawu Ilyasu ya dawo Agadas daga soja a Faransa. Bayan magariba muna kewaye da murhun Kaka, ya ce wai ya ga wani gida a bakin teku inda ake ajiye tsofaffin jiragen ruwa. Kullum ma'aikata na kankare su, suna toshe tsagarsu, suna shafa musu mai, amma ba mai sake shiga ruwa.

Ni da ko tafki ban taɓa gani ba, abin ya tsaya mini a rai. Na ce, "Kaka, to don me ake wahalar?"

Ta tura itace cikin wuta. "Ke da tambaya kamar alƙali! Matso, ga wata tatsuniya nan tafe."

Ta ce a wani ƙauye bayan Iferwan rijiya ta ƙafe, mutane suka fara ɗaure kaya za su tashi. Akwai wata tsohuwa da ta gaji wani dogon kututture mai rami a ciki, ba wanda ya san amfaninsa. Duk shekara takan shafe shi da kitse saboda gara, ta liƙe tsagarsa da ƙaro. Suka zo da gatari za su fasa shi su dafa guzuri. Tsohuwa ta shige ciki ta kwanta, ta ce sai dai su haɗa da ita.

Ana cikin rigima sai ga wani falke daga kudu, ɗan bakin kogi. Ya dafa kututturen ya ce, "Wannan ai jirgi ne! Ina kuka samo shi?" Ta nuna masa kwarin da kakanninta suka tono shi. Ya ce inda jirgi ya kwanta, ruwa ya taɓa kwanciya. Suka haƙa, suka tarar da danshi, suka kwance kayansu.

Na ce, "Kaka, dama ta sani?"

"Ina fa! Da ta jira sai ta sani, ai da gara ta cinye shi tuni."

Yau Kaka ba ta duniya, Allah ya jiƙanta. Cikin kayanta na sami wani lanƙwasasshen itace mai huda uku. Na tambayi masassaƙa, na tambayi maƙera, ba wanda ya gane shi. Duk shekara ina shafa masa mai. Jikata takan ce, "Kaka, wannan na mene ne?" Sai in ce, "Ban sani ba tukuna. Miƙo min man."