Ɗan Lallen da Na Rena a Kasko

Komai na iya ɓace mini na ƙuruciya, amma ban da ɗan lallen nan da na rena a Gure, shekarun da fara ta cinye gero.

Lokacin ina aikin ban ruwa a lambun kumandan, mai mulkin garin, inda ake renon ƙananan itatuwa. Mai gadin lambun wani tsohon soja ne da ya yi zama can ƙasashen gabas. Shi ya ba ni labarin mutanen da ke renon itace a kwano, ya tsufa har ya yi furfura bai wuce kamu ɗaya ba.

Na ce, "Baba, itace fa?"

Ya ce, "Da idona na gani. Saiwa ake datsewa, a tanƙwara reshe, sai haƙuri."

Ranar na tsinci wani ɗan lalle da aka yar don ya ƙi girma. Na kai gida, na rage masa saiwa, na dasa a fasasshen kasko, na ɗaure rassan da kaba. Kullum in na taso aiki, kafaɗuna na zogi, sai na tsuguna gabansa ina tsinke ganye ɗai-ɗai. Ban taɓa tambayar kaina wa ke jawo ruwan da nake zuba masa ba. Matata ce, daga rijiya mai zurfi, ga ciki.

Da rumbu ya ƙare, muka kama hanyar Gidigir wurin danginta. Jakinmu ɗaya, na ɗora masa kaya da salkar ruwa, na ɗaure kaskon a sama. Ita ta bi mu da ƙafa cikin rairayi.

A wuni na biyu, da rana tsaka, muka tsaya gindin wata aduwa. Na kwance salka, na fara tsiyaya wa lallen. Da na waiwaya sai na gan ta zaune, ƙafafu a kumbure, leɓe ya tsage. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Maigida, in ya ƙoshi, a sam mini."

Har yau ban san yadda na miƙa mata salkar ba. Na sauke kaskon na bar shi nan a inuwa, na raba kayan na ɗauki rabi a kai, na ɗora ta bisa jakin. Haka muka ci gaba har muka hango garin. Kwana tara bayan nan ta haihu, Allah ya raya mana ɗiyar.

Shekara biyu na yi ina kula da lallen nan, na san ranar da kowane ganye ya fito, amma ban san ranar da ƙafar matata ta fara kumbura ba. Abin da na koya ke nan: mutum yakan ji gajiyarsa har cikin ƙashi, ta wanda ke ɗauke da shi ce ba ya gani.