Ranar da Kawu Ya Manta da Awaki

Kawuna ya yi shekara ashirin da uku yana gadin gidan da ba mai kwana a ciki. Ƙaton gida ne a ƙarshen kwalta, inda unguwa take rikiɗewa gonaki: ɗaki goma sha huɗu, rijiya biyu, ga mangwaro ko'ina. Mai gidan yana birni, sau biyu yake leƙowa a shekara. Kawu kuwa bakinsa bai iya cewa a'a ba. Da katangar baya ta zube wata damina, sai Kawu ya ce gyara sai an yi shawara. Shawarar nan ta ci shekara tara.

Ta wannan giɓin unguwa ta tare a gidan. Mata na ɗiban ruwa, suna shanya a kan shingen furanni. Tela ya mayar da inuwar gareji wurin ƙailularsa. Awakin kowa kuma da hantsi suke shigowa a jere kamar ma'aikata. Kawu na kan benci, tulin makullai a cinya, yana amsa gaisuwa da ƙasaita. Ni dai haushi yake ba ni, don na san asiri zai tonu.

Sai aka sayar da gidan ga wata malamar asibiti da ta yi ritaya. Aka ce ranar Talata za ta zo ta duba, ta ga ko za ta riƙe mai gadi. Kawu ya haura sittin, ɗakin bakin ƙofa kuma shi ne gidansa kaɗai a duniya. Ya bi unguwa ƙofa ƙofa yana roƙo: "Don Allah, Talata kawai. Ku yi kamar ba ku san ni ba." Ya toshe giɓin da tsohon kwanon rufi da ƙaya.

Mutane suka cika alkawari. Awaki ne ba a yi taro da su ba. Kawu na tsaka da nuna wa Malama lambu, yana cewa ko tsuntsu sai da izininsa yake shiga, kwano ya faɗi rigijib. Akuya ta farko ta wuce su ko kallo babu, talatin na biye da ita. Sai ga masu awakin a guje, kowa na ƙoƙarin rufa masa asiri. Matar makaniki ta ce, "Wallahi, Malama, ba mu taɓa shigowa ba," tana faɗa tana kwashe zannuwanta daga kan shinge. Tela ya fito daga gareji da matashin kai, ashe ya manta yau Talata.

Kawu ya miƙa mata makullan da hannu biyu. A nan haushina ya koma tausayi.

Malama ba ta karɓa ba. Waya ta ciro ta kira ɗanta. "Kai da ka ce kaɗaici zai kashe ni a daji, saurara." Ta ɗaga wayar sama, akuya ta yi kuka a daidai lokacin. Dariya ta ci ta har sai da ta dafa bishiya.

"Baba," ta ce wa Kawu, "gobe ka kira magini."

Kawu ya sunkuyar da kai. "A toshe?"

"A sa ƙofa. Kai za ka riƙe makullin, tunda na ga ba ka iya kullewa ba."