Nata Tafasasshe Ne

Tun safe mai gwajin ruwa yake karɓar kwalabe, har wuyansa ya ƙage, sai ga wata dattijuwa siririya a gaban teburinsa, ta rungume gorar ruwa kamar jaririya. Tana miƙowa idonsa ya sauka a tafin hannunta, wanda ya cika da ƙananan ƙulalai masu tauri. Yau ya ga irin hannun nan har bakwai, duk masu shan rijiyar burtsatse ɗaya.

"Nawa tafasasshe ne, ɗana," in ji ta, tana ɗan ɗaga kai. "Shekara tara jikokina ba su sha ɗanye ba."

Yana hango shekarun: itacen da ta faskara, hayaƙin da ya cinye mata ido. Takardar gwajin da ya tsoma a ruwanta kuwa ta rine fiye da ta kowa.

"Inna, gubar asenik da ke cikin ruwan nan ba ƙwayar cuta ba ce, wuta ba ta kashe ta. Ruwan ne ke ƙonewa, ita ta ƙara yawa a abin da ya rage."

Ta daɗe tana kallon gorar.

"Na ƙaramin jikan," ta ce a hankali, "sau biyu nake tafasawa."