Malama Jawahir, Wadda Ta Koya Mini Rubuta Sunan Ɗana

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na shekarar 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malama Jawahir a gidanta da ke Kwaciri, bayan jinyar kwana shida. An yi mata sutura bayan azahar. Ina cikin dafa turaren wuta ’yarta Mahbuba ta kira ni. Na bar tukunya a kan murhu na fita, sai maƙwabta ne suka sauke ta bayan ta ƙone.

Malama, ni ce Yakaka mai turare. Ina da shekara hamsin da biyu na fara zuwa ajin da kika buɗe wa matan unguwa a soron gidanki, bayan kin yi ritaya daga koyarwa. Ba ki taɓa karɓar ko sisi ba, fensir ma ke kike saya mana. Kin riƙe hannuna sati uku kafin na iya ja layi a miƙe. Kina cewa littafina ya fi na kowa ƙamshi, kuma ya fi na kowa kuskure. Da Veronica mai manja ta ce ba za ta iya barin rumfarta a Sabon Gari ba sai Asabar, sai kika ƙara mana ranar Asabar saboda ita kaɗai.

Kin san ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba. Haka muka tarar iyayenmu suna yi. Mai Shadda nake ce masa, saboda teburin da yake da shi a Kantin Kwari. Ran da kika ce kowa ta rubuta sunayen ’ya’yanta, na fara daga na biyu. Kika leƙa, kika yi dariya, kika ce, “Yakaka, fensir ba ya jin kunya. Ba faɗa za ki yi ba, rubutawa za ki yi.” Sai na rubuta Kyari. Na cika shafi guda da shi. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Sai korona ta zo, aka kulle gari. Babu biki balle a sayi turare. Kika riƙa auna mana shinkafa daga kuɗin fanshonki, kina cewa ragowa ce, alhali mun san ba ragowa ba ce. Bayan an buɗe gari ne wani Sadisu, mai ofis a saman bene a Sabon Gari, ya zo aji da fom. Ya ce gwamnati na ba masu ƙananan sana’o’i rancen tallafin korona, shi kuma zai shige mana gaba. Mu sha tara muka dangwala yatsa, muka ba shi hotuna da lambobinmu na banki. Ya ce saura mai tsaya mana, wanda yake da wurin sana’a a kasuwa. “Hajiya, ba ɗanki na Kwari ba? Sa sunansa kawai, ai cika takarda ce.”

Ke kaɗai kika yi magana. Kika ce, “Yakaka, an tambaye shi?”

Na ce, “Haba Malama, ni na haife shi, sai na nemi izininsa?”

A lokacin yana Legas ɗauko kaya. Na zauna a gaban mata, ina jin daɗin ana kallona, na rubuta sunansa sau sha tara a wurin sa hannu. Ko harafi ɗaya ban kuskure ba.

Sadisu ya ba kowaccenmu naira dubu goma, muka yi ta sa masa albarka. Sai bayan shekara uku muka ji cewa dubu ɗari biyar-biyar aka fitar da sunayenmu, zuwa wasu asusun da ba mu san da su ba. Ofishin nan yanzu shagon aski ne, Sadisu kuwa babu wanda ya san inda yake. Masu bincike suka bi sunan da ke ƙasan takardun, suka ɗauke ɗana a gaban teburinsa. Da suka nuna masa, ya gane rubutuna, sai ya ce shi ne ya sa hannun. Yau watansa tara a gidan yari.

Ba ki taɓa ce mini kin faɗa mini ba, ko sau ɗaya. Kin ɗauki takardun gidanki kin kai don a ba da belinsa, aka ce matakin da kika yi ritaya a kai bai isa ba. Kin dawo a Adaidaita kina ba ni haƙuri, kamar ke kika yi laifi. Ke kika samo lauya. Ke kika je gidan yari da ciwon ƙafarki, kika ce masa, “Ɗan nan, ƙarya ba za ta tsare uwarka ba.” Ya ce, “Malama, gara ni da ita.” Sauran matan duk sun ja baya, kowa na tsoron a ce ita ma ta ci. Veronica ta koma garinsu. Ba na ganin laifinsu.

Lauya ya faɗa mini gaskiya. Ya ce maganata kaɗai ba ta da nauyi, domin kowace uwa za ta ce ita ta yi don a saki ɗanta. Shaidarki ce abin dogaro: kina wurin, kin ga Sadisu, kin san rubutuna, kuma ba ki dangwala a fom ko ɗaya ba. An sa Litinin, ashirin da bakwai ga wata, ki tsaya gaban alƙali. Saura kwana sha uku kika tafi. Mahbuba ta nemo mini tsohon littafina a akwatinki, shafin nan da na cika da sunansa na ciki. Lauya ya juya shi, ya ce za a gwada, amma wa zai rantse cewa hannuna ne? Daga yadda ya ajiye shi na gane.

Duk da haka zan je. Lauya ya ce za a iya haɗawa da ni a tuhumar, kuma ba lallai a saki ɗana ba. Ya ce alƙali zai tambaye ni sunan wa na rubuta, kuma sai na faɗa da bakina kowa ya ji. Shekara talatin da huɗu ban faɗa ba. Jiya na rufe ɗaki na gwada, sunan ya ƙi fita. Da kina nan da kin yi mini dariya, da kin ce in sake.

Malama, ba ki koya mini sharri ba. Ni ce na ɗauki alherinki na kai shi inda bai kamata ba. Ki yafe mini.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowane harafi da kika koyar ya zama shaida a gare ki ranar da babu mai tsaya wa wani. Allah Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa Mahbuba da ƙannenta, da dangi, da matan ajin soro ta’aziyya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Wanda ya yi wa Malama addu’a, don Allah ya haɗa da ɗana ranar Litinin. Ga sunansa na rubuta, ku faɗa a madadina: Kyari.