Hantar da Reino Ya Nema

Duk wanda ya san Lyle Hautala a ƙauyukan arewacin Michigan ya san mutum ne da ba ya ɗumama kujera. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar share dusar ƙanƙara, aikin kuwa ya dace da shi, don tafiya ce ba tsayawa. Ko a coci, kafin fasto ya kai rabin wa'azi ya fita sau biyu shan iska. Matarsa Marlys ta yi magana har ta gaji ta bari.

Shi ya sa bai taɓa zama mafarauci na kirki ba. Mafaraucin gidansu yayansa ne, Reino, wanda zai shiga bukkar katako da asuba da gorar kofi, ya zauna kamar an dasa shi, har barewa ta kawo kanta. Lyle aikinsa jan nama zuwa mota da yanka albasa. Kowace shekara, ranar da aka kayar da ta farko, Reino ke soya hantar su ci a tsaye daga kasko.

Bana Reino yana gidan kula da tsofaffi, ciwon huhu ya cinye shi. An sayar da gonarsa da bukkar, likita kuma ya ce da wuya ya ga Kirsimeti.

"Abincinsu duk ɗanɗanon kwali," ya ce wa Lyle wata Lahadi. "Hantar barewa nake so da albasa. Ta bana, ba ta firiza ba."

"Zan kawo maka, Yaya."

"Kai ɗin?" Reino ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Dariyar ta tsaya wa Lyle a rai. Tunda babu gona sai dajin gwamnati, inda ba a buga wa bishiya ƙusa, sai ya sayo abin da mafarauta ke yayi don fakon barewa daga sama, wai sirdin bishiya. Wata ɗamara ce mai kama da majanyi da mutum ke zama a ciki, da igiya biyu, da gutsattsarin tsani huɗu da ake ɗaura wa gindin bishiya ana hawa, sai ɗan farantin ƙarfe na ɗora ƙafa. Duka kayan hannu ɗaya ke ɗauka.

"Daɗin abin, kawu," in ji mai shagon, "in wuri bai yi maka ba, minti goma ka sauka ka canja bishiya."

Da mai shagon ya san wa yake gaya wa haka, da ya ja bakinsa.

Lyle ya yi mako uku yana gwaji a bayan gida, yana reto taku ɗaya daga ƙasa. Ya koyi kada ƙafarsa ta bar ƙasa sai igiya ta zagaye bishiya. Ya naɗe duk ƙarfen da tsumma don kada ya yi ƙara.

"Tsoho," Marlys ta ce ta tagar kicin, "in shanya wanki a jikinka, ko akwai abin da kake yi?"

An buɗe farautar bindiga a tsakiyar Nuwamba. Ranar farko ya hau bishiya uku. Yana gyara zama a wannan sai ya hango waccan, ya ga ai ta fi fuskantar kwari. Ya sauka, ya kwance tsani, ya naɗe igiya, ya ratsa daji yana zuba gumi da warin mutum a kan kowace hanyar barewa. A can ƙasa, bakin fadama, Orrin Beaudoin, tsohon mai raba wasiƙu, yana zaune kan kifaffen bokiti da rigarsa mai ruwan lemo, ko motsi ba ya yi.

Ranar ta biyar ya bar wata bishiya da ƙarfe tara da rabi. Da ya biyo ta wajen da azahar, sai ga sawun wani ƙaton namijin barewa a sabuwar dusar ƙanƙara, ya zo ya tsaya daidai inda takalminsa ya taka, ya wuce abinsa. Lyle ya daɗe yana kallon sawun, haushin kansa ya cika shi. A gida Marlys ta ce an bugo waya, Reino ya daina taɓa abinci.

Ranar ta tara ya rantse ba zai sauka ba. Ya cire agogo ya jefa a jaka. Ɗamarar ta ci masa ƙugu, ƙafafu suka mutu a kan farantin, sanyi ya shiga haƙoransa. Ya daure har rana ta ɗaga, abin da bai taɓa yi ba. Sai idonsa ya faɗa kan wata duhuwar itatuwa a gangare, zuciyarsa ta fara yi masa lissafi. Kafin ya ankara yana ƙasa yana naɗe igiya.

Yana kutsawa cikin duhuwar wata barewa ta zabura daga gabansa ta yi fadama da gudu. Ko bindiga bai sauke daga kafaɗa ba. Harbi ɗaya ya ji.

Ya tarar da Orrin ya durƙusa yana farke cikinta.

"Na gode da kora, makwabci. Kwana tara kana yi min aiki kyauta."

Lyle ya tsaya yana murza hula, kunya kamar ƙasa ta tsage.

"Orrin, hantar nake roƙo. Ta Reino ce."

Orrin bai ƙara tsokana ba. Ya zazzage burodinsa daga leda, ya sa hantar a ciki da ɗuminta.

Marlys ta soya da albasa mai yawa, Lyle ya naɗe kaskon da tawul ya kai kafin ya huce. Reino ya rufe ido yana shaƙar ƙamshin. Ya ɗauki 'yar yanka ɗaya da yatsu, ya daɗe yana taunawa.

"Ta yau ce," ya ce. "Wa ya harba?"

Lyle ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi.

"Orrin. Ni dai na koro ta."

"Bishiya nawa ka hau?"

"Goma sha bakwai."

Reino bai yi dariya ba wannan karon. Ya dubi ƙanensa, wanda tun shigowarsa yake tsaye da makullin mota a hannu.

"To ka kawo, na kuma ci. Saura abu ɗaya. Duk zuwanka a tsaye kake gaishe ni ka tafi. Ja kujerar nan."

Lyle ya zauna. Ƙafarsa ta fara neman tashi, ya danne ta da tafin hannu. Ma'aikaciya ta shigo da magani ta fita, ta sake shigowa da shayin la'asar, yana nan. Reino ya miƙa hannu cikin kaskon da ya riga ya huce, ya ɗauki yanka ta biyu.