Yaya Hamidu da Masu Azumin Talata

Shekara tara ke nan da aka fita da Yaya Hamidu daga gidanmu na unguwar Briqueterie, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, maza suna tsallake jan taɓo da makara a kafaɗa. Duk shekara idan ranar ta zagayo nakan soya fanke in raba, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, sana'ata sayar da atamfa, rubutu ba aikina ba ne. Amma na ga abu da idona a wurin da aka rataye hotonsa, kuma tun ranar raina yake a ɓace.

Waɗanda suka san shi sun san shi da tsohuwar jakar fata da laima mai karyayyen ƙarfe ɗaya. Yana koyar da lissafin kasuwanci a wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta a hanyar Tsinga, irin waɗanda yaro kan shiga bayan sakandare ya yi shekara biyu ya zauna jarrabawar gwamnati. A lokacin bene ne guda, azuzuwa kaɗan, tsakar gida da bishiyar mangwaro. 'Ya'yan unguwarmu ne suka fi yawa, sai na unguwar Mokolo da waɗanda suka zo daga Arewa suna zaune wurin dangi. Kuɗin makaranta kashi-kashi ake biya, abin da suke kira tranche. Wanda bai cika na ƙarshe ba, makon jarrabawa mai gadi zai tare shi a bakin ƙofa, komai ƙoƙarinsa a aji.

Yaya ne ya fara zagaya 'yan kasuwa saboda irin waɗannan yaran. Yakan je wurin masu shaguna a nan, ya hau mota zuwa Etoudi wurin masu shanu, ya ce a ware wa karatu wani abu daga zakka. Samun kuɗin bai wahalar da shi ba kamar samun masu buƙatarsa. Duk wanda ya san mutanenmu ya san ɗan gidan mutunci ya gwammace ya bar makaranta ya ce karatun ne bai karɓe shi ba, da ya buɗe baki ya ce babu a gidansu.

To sai ya gano wata hanya. Da tsakar rana, lokacin hutu, ɗalibai kan fita bakin ƙofa wurin mai fanke da wake. Shi kuma yakan zauna a benci ƙarƙashin mangwaron da kofin shayinsa, kamar mai hutawa. Idan ya ga wani ya zauna gefe ya buɗe littafi, abokai na kira yana cewa azumi yake yi, Yaya ba ya cewa komai in Litinin ce ko Alhamis, don kowa ya san azumin waɗannan ranakun. Amma wanda ya yi azumi Litinin, Talata ma ya ce azumi, to Yaya ya gane. Yaron ya tara kuɗin cin abincinsa ne yana cika tranche, ya fake da ibada don kada a tambaye shi.

Ni ce nake dafa shinkafa da wake duk Talata, in kai makarantar a babban faranti. Yaya cewa yake yi sadakar iyayenmu ce, kuma kowa sai ya sa hannu, mai shi da marar shi, Musulmi da Kirista, har malamai. Yakan tsaya kan mai azumin ya ce, "Ɗana, ko Annabi Dawuda yana tsallake rana. Malaminka ne ya ce ka karya, zo ka ci." A yi dariya, yaro ya matso. Bayan 'yan kwanaki idan ya je ofishin kuɗi roƙon a ƙara masa lokaci, sai a ce masa ai an biya. Ya tambaya wa ya biya, a ce ba a faɗa ba. Mai bayarwa bai san wanda ya samu ba, mai samu bai san wanda ya bayar ba. Ko ni da nake hura wuta, in na matsa masa da tambaya sai ya ce, "Asabe, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Ba zan mayar da shi waliyyi ba don ya mutu. Mutum ne mai taurin kai, kuma mun sha faɗa da shi a kan wannan tsarin nasa. Na ce masa yaran da ba sa fakewa da azumi fa, su kuma wa zai gan su? Na ce masa in ka faɗi yau, wa zai ɗauka? Sai ya ce Allah na nan. Allah na nan kam, amma ranar da ya faɗi, komai ya tafi da shi a kansa. Masu bayarwa ba su san wa za su miƙa wa ba, makaranta ba ta san su waye masu bayarwa ba. Shekarun farko bayan rasuwarsa yara da dama sun tsaya a bakin ƙofar nan suna kallon abokansu na shiga jarrabawa.

Yau kwalejin ta girma. An ƙara bene, an yi fenti, an sa na'urori, an sare mangwaron an yi wurin ajiye motoci. Sabon darakta ya farfaɗo da tallafin, har ya sa masa sunan Malam Hamidu, kuma ranar da aka gaya mini na yi kukan daɗi. Ban san sharaɗin ba a lokacin. Duk wanda zai samu, sai ya hau dandamali ranar bikin shekara, a rataya masa ɗamara mai sunan kamfanin da ya bayar, ya riƙe makirfo ya bayyana halin da gidansu yake ciki, a ɗauka a bidiyo a aika wa masu taimako, a kuma sa a shafin makaranta.

Akwai wata yarinya, zan kira ta Ramatu, ba sunanta ba ne. Shekarar ƙarshe take, tana karatun aikin gwaje-gwajen asibiti, kuma malamanta sun ce ba ta da na biyu a ajin. Marigayiya mahaifiyarta ƙawata ce, don haka takan tsaya a shagona ta gaishe ni in ta taso. Mahaifinta tsohon ɗan kasuwa ne da ya taɓa riƙe mutane da yawa. Kasuwa ta juya masa baya tun tuni, amma kullum bayan la'asar yakan fito da rigarsa a goge, ya zauna a kujerarsa a bakin titi, masu wucewa su rusuna su gaishe shi. Unguwa ta san abin da ta sani, ba wanda ya taɓa furtawa. Wannan zaman na la'asar shi ne abin da ya rage masa.

Wata Talata na miƙa mata kunu, ta ce, "Goggo, ina azumi." Ban kawo komai a raina ba. Talatar da ta biyo baya na sayo soya, wato tsire, mai zafi, ta sake cewa azumi take yi, leɓenta a bushe. Na san wannan azumin, na yi shekaru ina dafa masa abinci. Na ja ta bayan shago. Da ƙyar ta faɗa mini kashin ƙarshe ya gagara, jarrabawa ta matso, kuma an ce ta cancanci tallafin in za ta hau dandamali.

"Goggo, in tsaya in ce wa duniya Baba ba shi da ko sisi? Gara in bar karatun."

Washegari na sa mayafina na tafi wurin darakta. Ya karɓe ni da girmamawa, ya sa aka kawo mini ruwa, yana ta kira na Maman, wato Mama da Faransanci. Na faɗa masa abin da ke raina ba tare da na ambaci kowa ba, kuma na san muryata ta ɗaga. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Maman, zamanin Malam ya wuce. Masu bayarwa na yanzu suna son preuve, wato shaida, suna son su ga fuska. In ban nuna ba, badi ba za su bayar ba. Kuma tsarin ɓoye, in ba mutum irin Malam ke riƙe da shi ba, ƙofar son kai ce." Maganarsa ba ƙarya ba ce, shi ya sa ta fi yi mini ciwo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na sani. Amma na fito ina tambayar kaina me Yaya zai ce in ya ga an ɗauki sunansa an liƙa a kan abin da ya ƙare rayuwarsa yana gudu.

Daga can na wuce Etoudi. Akwai wani dattijo mai shanu da na taɓa gani yana sallama da Yaya a zaurenmu, na yi ta tambaya har na same shi a rumfarsa. Ya ce shi ma an taɓa zuwa masa da maganar sabon tallafin, ya bayar sau ɗaya, aka kira sunansa a lasifika, bai sake ba. Da na fara bayanin yarinyar ya ɗaga hannu. "Hajiya, kada ki faɗa mini sunanta. Malam bai taɓa faɗa ba." Ya ce in dawo bayan cin kasuwa. Na koma, ya damƙa mini kuɗin kashin ƙarshen.

Ban gaya wa Ramatu ba. Haka Yaya yake yi, haka na ga ya dace: in kai ofishin kuɗi ranar Litinin, ta je a ce mata an biya, ta ci gaba da shigowa shagona kanta a ɗage. Ta riga ta ce mini ba za ta hau dandamalin ba, na kuwa yarda da ita. Bikin ranar Asabar ne. Aka gayyace ni a matsayin ƙanwar marigayi, aka zaunar da ni a sahun gaba, saƙon dattijon yana cikin jakata a kan cinyata.

Ɗalibai suka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin hoton Yaya. Sai na ga Ramatu ta taso daga baya. Aka rataya mata ɗamara, ta karɓi makirfo, ta yi magana da Faransanci mai kyau, murya ba rawa, idonta a kan bango. Ta ce mahaifiyarta ta rasu, mahaifinta ya karye, wani lokaci abinci sau ɗaya ake ci a gidansu. Aka tafa mata sosai. A sahun da nake akwai manya da suka taɓa yin azumin Talata a tsakar gidan nan, na san su don ni na zuba musu shinkafa. Su ma sun tafa. Ba zan ambaci kowa ba, ko da wuƙa a wuyana.

Daga baya ta ce mini ta kwana biyu tana tunani, ta ga in ba ta zauna jarrabawar ba, ba mai ɗaukar gidan nan gaba. Ba ta yi laifi ba. Gaba kura ce baya sayaki, ta zaɓi wanda take ganin za ta iya rayuwa da shi. Shirun da na yi don in rufa mata asiri shi ya bar ta ita kaɗai da shawarar, kuma wannan ma gadon Yaya ne, ba zan ɓoye ba. Kafin magariba bidiyon ya shiga wayoyin unguwa. Waɗanda suka gani sun san ta, waɗanda ba su gani ba, ba daga bakina za su ji ba.

Na mayar wa dattijon saƙonsa, ya ƙi karɓa. Ya ce ai ba ita kaɗai ba ce, in buɗe ido. Gaskiya ya faɗa. Waɗanda suka hau dandamali su ne masu ƙarfin hali, akwai wasu da ba za su taɓa hawa ba, za su ɓace ne a hankali a ce karatu bai karɓe su ba. Na koma dafa shinkafa da wake ranar Talata. Babu mangwaro yanzu, a gefen motoci nake ajiye farantin, kuma idona bai kai na Yaya ba, amma ina koyo.

Idan na auna abin da ya saura na Hamidu bayan shekara tara, sunansa yana nan da manyan haruffa, hotonsa ma an gyara shi ya fi shi kyau. Tallafin ya fi na zamaninsa yawa da tsari, ba zai mutu da mutuwar mutum ɗaya ba, kuma ina yi wa daraktan addu'a a kan haka. Abin da na nema na rasa shi ne abin da ya sa ya zauna a bencin nan: ya san yunwa ba ita kaɗai take kashe ɗan mutunci ba. Ina roƙon masu makarantu da masu bayarwa, in dole sai kun ga shaida, ku nemi sakamakon jarrabawa, ku bar wa yaran fuskokin iyayensu. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa na 'ya'yan mutane.

Ramatu ta zauna jarrabawarta, kuma ta daina azumin Talata. Jiya bayan la'asar na bi ta layinsu. Kujerar mahaifinta tana nan a bakin titi inda take kullum, ruwan sama ya jiƙa ta, tun ranar bikin bai fito ya zauna a kai ba.