Ƙafata ta saba da hagu

Ina cikin tura Ammi Salih a keken guragu, mahaifin kafilina da nake wa aiki a Jidda, sai wata tsohuwa ta riƙe min riga.

A Butan ne, ƙasar mabiya addinin Buddha can saman duwatsu. Kafili ya kai tsohon shan iska daga Jidda, aka tafi da ni saboda keken.

Akwai wani farin gini a tsakiyar hanya, wurin ibadarsu. Kowa a damansa yake barinsa ya wuce, ni kuwa na sa shi a haguna. Wallahi ban ma lura ba. Na daɗe ina tura tsofaffi ɗawafi a Makka, ƙafa ta saba.

Jagoranmu mai yi mana fassara ya ce, "Wai ka saɓa hanya."

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce, "Gaya mata wucewa kawai nake. Ɗaki ɗaya nake zagayawa a duniya, shi kuma a hagu ake sa shi."

Ta yi dariya, ta ce, "To bar namu a dama ka wuce. Hagun nan ka ajiye wa ɗakinku."

Ammi Salih ya ce, "Halas, yalla," wato shi ke nan, mu tafi.

Na juya keken. Na shirya rigima, baiwar Allah ta hana ni abin faɗa. Da ku ne, me za ku ce mata?